Jarumin Roba a Kan Iyakar Jibiya: Sharhi Kan Abin da Ke Jan Mai Saye

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan tatsuniya da tashe da wasannin dandali, amma ba safai ake waiwayar abin da yaro ke riƙe da shi a hannu sa'ad da yake wasa shi kaɗai ba. Wannan abu kuwa ya sake kama a cikin shekaru hamsin da suka wuce. Dokin laka da motar kara da 'yar tsanar ƙashi sun ja da baya, robobin da ake ƙerawa a ƙasar Sin sun cike gurbinsu. Daga cikin robobin nan akwai wani jinsi da ya cancanci nazari na musamman, watau ƙananan siffofin jarumai masu gaɓoɓin da ke motsi, waɗanda kamfanoni ke fitowa da su jeri-jeri, kowane jeri da taurarinsa da abokan gābarsa.

A wannan maƙala za a duba abin da ke sa sabon jeri ya karɓu ga masu saye. An zaɓi Jibiya ta zama ma'auni saboda kayan kan iso can ba tare da talla ko kwalin kamfani ba, sai siffar kawai. Abin da za a nuna shi ne, siffa da araha suna iya sa a ɗauki jarumi guda, amma labarin da yaro ya riga ya ji shi ke sa ya komo neman na biyu da na uku.

2.0 Matsalar Suna

Hausa ba ta riga ta tsayar da suna guda ga wannan abu ba. Kalmar 'yar tsana tana ɗauke da jinsin mace, kuma ta keɓanta ga wasan 'yan mata, har yaro namiji kan ji kunya a gan shi da ita. Mutum-mutumi ya fi faɗi da yawa, don ya haɗa har da abin korar tsuntsu a gona. Gunki kuwa kalma ce mai nauyi, domin tana kai tunani ga bauta. A nan za a yi amfani da "jarumin roba".

Wannan matsala ba Bahaushe kaɗai ta sama ba. A shekarar 1964, lokacin da kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da sojan nan G.I. Joe, masu kamfanin sun san iyaye ba za su saya wa ɗa namiji abin da aka kira 'yar tsana ba. Saboda haka suka hana a kira shi da wannan suna, suka laƙa masa sabo mai ma'anar siffa mai aiki da motsi. Ke nan tun ran gini aka yi zane: kafin a sayar da abin, sai da aka sayar da sunansa.

3.0 Jibiya da Hanyar Kayan

Jibiya hedkwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina, a kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta ratsa Magama da Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Iyakar da ke nan Ingila da Faransa suka shata ta tsakanin 1906 da 1908, ta raba jama'a masu harshe ɗaya da auratayya ɗaya. Kasuwar garin tana ci ranar Lahadi, ana ciniki da naira da kuma sefa.

Kayan wasa na roba kan taso daga masana'antun Sin, musamman yankin Shantou, su bi ta manyan kasuwannin sari irin na Yiwu. Wasu kan sauka Legas su hauro Kano, daga nan 'yan koli su rarraba su. Wasu kuma sun daɗe suna bin tsohuwar hanyar nan ta Kwatano zuwa Maraɗi, sa'an nan su gangaro Nijeriya. Hanya ce mai yawan tsinkewa. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu na 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, aka buɗe a Maris na 2024.

Muhimmancin wannan ga nazarin nan shi ne, jarumin roba yakan isa tiren ɗan koli a tuɓe. Mafi yawa kwaikwayo ne na siffofin manyan kamfanoni, an zuba su cikin leda, sau da yawa babu ko suna a jiki. Duk dabarun da kamfani ya kewaye siffar da su a ƙasar da aka ƙago ta sun zube a hanya. Abin da ya rage shi ne zahirin abin da ke jan ido da hannu.

4.0 Abubuwan da Ke Jan Mai Saye

4.1 Siffa

Abu na farko shi ne a gane jarumi daga nesa. Siffofin da suka fi yaɗuwa a duniya su ne waɗanda ko inuwarsu aka gani za a shaida su: kunnuwan Batman da mayafinsa, ja da shuɗin Spider-Man da manyan fararen idanunsa, korayen damatsan Hulk. Ko mai kwaikwayo ya ɓata fenti, ko roba ta yi tauri, alamar tana nan. Bahaushe ya san wannan hikima tun da daɗewa. Ba a buƙatar a gabatar da dogari idan ya fito da ja da kore, haka kuma ba a tambayar sana'ar wanda ya naɗe hannu guda da zare ya tsaya tsakiyar fili. Jerin da jarumansa suka yi kama da juna har sai an karanta suna kafin a bambance su, ya faɗi tun kafin a taya.

4.2 Motsi

Abu na biyu shi ne gaɓoɓi. Bambancin jarumin roba da abin adon kanta shi ne hannunsa yana ɗaguwa, ƙafarsa tana lanƙwasuwa, tafinsa yana riƙe makami. Gaɓa ita ce ƙofar da aka bar wa yaro ya shiga cikin aikin. Da ita yake hawar da jarumi bisa doki, ya kayar da shi, ya tashe shi. A nan ne kuma kayan kwaikwayo suka fi kasawa, domin kafaɗa kan ɓalle kwana biyu bayan salla. Araha ba ta ado. Mai sayarwa ya ci ribar ranar, amma jerin ya rasa mai komowa.

4.3 Girma da farashi

Tarihin sana'ar ya nuna yadda girma ke yanke hukunci. G.I. Joe na farko tsawonsa kusan inci 12 ne, ana saye shi guda, sa'an nan a dinga saya masa tufafi da kayan yaƙi. Bayan fitowar fim ɗin Star Wars a 1977, kamfanin Kenner ya zaɓi inci 3 da rubu'i uku. Ƙanƙantar ta sa farashi ya sauka, har yaro ya iya tara da yawa, kuma aka iya ƙera jirage da motocin da jaruman za su shiga. Tsakanin 1978 da 1985 an sayar da fiye da miliyan 300.

A ƙasar Hausa wannan batu ya fi tsanani, domin kasuwar kayan wasa kasuwar salla ce. Mai saye sau da yawa shi ne yaron da kansa, da kuɗin barka da salla da ya tara a yawo gidajen 'yan uwa. Jarumin roba yana takara da bindigar roba da tabarau da agogo da balan-balan, dukkansu a kan kuɗin da ke cikin aljihu guda. Jerin da farashinsa ya wuce abin da yaro zai tara a yini ɗaya ya fita daga hannun yara ya koma hannun iyaye, iyaye kuwa a shekarun tsadar abinci suna da abin da ya fi wannan damunsu.

4.4 Jeri

Abu na huɗu shi ne giɓi. Kenner ya fara da jarumai 12 a 1978, ya buga hotunansu duka a bayan kowane kwali, don duk wanda ya sayi ɗaya ya ga goma sha ɗayan da ba shi da su. Jarumi guda ba ya yaƙi shi kaɗai. Sai da abokin gāba, sai da mataimaki, sai da abin hawa. Wannan dabara ita ce ta fi shan wahala a hanyar Jibiya. Ɗan koli yakan sari abin da ya samu ne, kuma idan aka rufe iyaka ko naira ta faɗi, kashi na biyu ba ya zuwa. Sai yara su haɗa abin da kamfanoni suka raba: Batman da sojan kore da dokin roba duk su zama rundunar sarki guda. Wannan ya nuna buƙatar jeri tana cikin wasan kansa, ko kamfani ya biya ta ko bai biya ba.

4.5 Labari

Abu na biyar shi ne uwar sauran. A ƙarshen 1977 Kenner bai gama ƙera komai ba, ga lokacin Kirsimeti ya zo. Sai ya sayar da kwali da takardar alkawarin cewa za a aiko da jarumai huɗu bayan 'yan watanni, mutane kuwa suka saya. Babu hujjar da ta fi wannan ƙarfi a tarihin sana'ar: an sayi kwalin da babu roba a ciki saboda an riga an ga fim. Kamfanoni suka ɗauki darasi. Mattel ya fito da He-Man a 1982 da ɗan littafin zane a cikin kowane kwali, a 1983 kuma aka fara nuna wasan zanensa a talabijin. Hasbro ya sake fito da G.I. Joe a 1982 a ƙaramin girma, kowane soja da katin tarihinsa, ga kuma mujallar zane ta kamfanin Marvel.

A Jibiya labarin ba ya biyo ledar. Ta wata hanya yake zuwa: tauraron ɗan'adam, da gidajen kallo, da finafinan da ake tura wa mutane a waya, har da waɗanda aka juya zuwa Hausa. Siffar da labarinta ya riga ta isowa, yaro kan kira ta da suna tun kafin ya taɓa. Wadda ba a san labarinta ba, sunanta "wancan mai jan kaya", kuma farashi kaɗai ke sayar da ita.

Akwai abin lura game da Spider-Man, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka ƙago a 1962. Jarumin da ya samo ƙarfinsa daga gizo-gizo ya sauka a ƙasar da tauraron tatsuniyarta Gizo ne. Amma halayensu sun saɓa. Gizo mai wayo ne da haɗama, yana cin nasara da dabara, yana kuma jin kunya a ƙarshe, saboda haka yaro kan koyi yi masa dariya. Na roba kuwa yana cin nasara da ƙarfin jiki, kuma labarinsa yana neman yaro ya so zama shi. Sauyin da ake gani a tiren ɗan koli ke nan: daga jarumin da ake auna halinsa zuwa jarumin da ake sha'awar ƙarfinsa.

5.0 Awo da Wasan Gargajiya

Kafin a yanke wa na roba hukunci, ya kamata a auna shi da abin da ya tarar. 'Yar tsanar gargajiya, ta ƙashi ko ta kara, kusan ba ta da fuska. Amma tana da cikakken labari, domin 'yan mata kan yi mata biki da lefe da kai amarya da gara, wani lokaci har da suna. Labarin rayuwar gida ne, kowace yarinya ta san shi. Haka yaro da dokin laka: shi ya kwaɓa, shi ya gina, shi ya yi masa sirdi, kuma hawan salla da ya gani da idonsa shi yake maimaitawa. A wasan gargajiya siffa kaɗan ce, labari da aikin hannu ne masu yawa.

Jarumin roba ya juya wannan. Ya zo a gine, da fuska da tufafi da makami, bai bar wa yaro aikin ƙira ba sai aikin motsawa. Wannan hasara ce ta gaske, kuma malaman firamare su ne suka fi kowa sanin darajar abin da yaro ya ƙera da hannunsa. Duk da haka, ba adalci ba ne a ce ya kashe tunani. Yaron da ya naɗa Batman sarkin yaƙi, ya yi masa kirari da Hausa, yana aikin da kakansa ya yi da dokin kara. Abin tambaya shi ne wane labari ake ba shi ya yi aikin da shi. Tambayar tana da nauyi a yankin da ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga, inda kuma soja da bindiga ke cikin siffofin da suka fi araha.

Akwai kuma mai saye na biyu, watau uba, wanda ke duban abin ta fuskar addini. Hani game da sassaƙa surar mai rai sananne ne. Sananne ne kuma a littattafan hadisi cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana, har an ambaci doki mai fukafukai a cikinsu, kuma malamai da dama, ciki har da Alƙali Iyad na Malikiyya, sun kafa hujja da wannan wajen sassauci ga kayan wasan yara. Saboda haka abin da ya fi tayar wa iyaye hankali shi ne shiga da ɗabi'ar siffar. Kamfanin NewBoy ya gane haka a 2003 da ya fito da Fulla a ƙasashen Larabawa, da lulluɓinta da sallayarta, ta ja kasuwa daga hannun Barbie ta kamfanin Mattel.

6.0 Yunƙurin Gida da Inda Ya Tsaya

A Nijeriya yunƙurin da ya fi shahara shi ne na Taofick Okoya na Legas, wanda ya fara Queens of Africa a 2007. Jerin ya tsayu a kan 'yan tsana uku: Nneka ta Ibo, Wuraola ta Yarbawa, da Azeezah ta Hausawa. A 2014 an ba da rahoton yana sayar da tsakanin 6,000 da 9,000 a wata idan aka haɗa da ɗayan jerinsa, Naija Princesses. Aikin ya cancanci yabo, domin ya tabbatar da cewa iyaye suna biyan kuɗi don 'ya'yansu su ga launin fatarsu da tufafinsu a abin wasa.

Amma idan aka dube shi da idon mai saye na Jibiya, akwai rauni uku. Na farko, sunan ma ba da ƙa'idar rubutun Hausa aka rubuta shi ba. Bahaushe Aziza yake rubutawa. Na biyu, an ba kowace ɗaya ɗabi'a guda, Azeezah aka ba ta zaman lafiya. Ɗabi'a kuwa ba ta isa wasa ba, domin yaro yana bukatar abin da ya faru, da wanda ya yi, da abin da ya biyo baya. Na uku, littattafan da aka haɗa da jerin da Ingilishi aka rubuta su, kuma kasuwarsu manyan kantunan birane ce. Haka abin yake ga Malika, jarumar littafin zane ta Roye Okupe wadda aka gina a kan Sarauniya Amina ta Zazzau: kayan na Hausa ne, harshen da masu karatun na wasu ne.

7.0 Taskar da Ba a Taɓa Ba

Idan labari ne uwar ciniki, to ƙasar Hausa ba ta rasa jari ba. Labarin Bayajida yana da duk abin da masu wannan sana'a ke nema: baƙo a kan doki, wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera, macijin rijiyar Kusugu, da sarauniyar Daura. Katsina tana da Korau da kokawarsa da Sanau, da takobin nan Gajere. Rubutaccen adabi ya ba da Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, dukkansu na 1934, da Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda dama jarumin ƙarfi ne. Hawan salla kuwa jeri ne shiryayye: 'yan lifida, 'yan sulke, 'yan baka, dogarai, zagage, masu kakaki da algaita, kowa da shigar da ake gane shi da ita daga nesa. A Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya.

Sai dai Jibiya tana koyar da wani taka-tsantsan da ba za a koya a Legas ba. Bayan masu jihadi sun ci Katsina wajen 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, aka shafe shekaru ana kai wa juna hari. Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta a tsakiyar ƙarni na 19, gwarzo ne a bakin mutumin Maraɗi, mahari ne a tarihin da ake bayarwa a kudu. Jerin da aka gina a kan mayaƙan wancan zamani zai raba kasuwa daidai inda iyaka ta raba ta, ya kuma koya wa yara tsohuwar gāba. Haka nan siffar malami ko shugaban addini ba abin da za a miƙa wa yaro ya jefar a ƙasa ba ne.

Abin da ke ƙetare iyaka ba tare da takarda ba shi ne tatsuniya da wasa. Gizo da Ƙoƙi da Dodo da Botorami na kowa ne. Dambe ma haka, kokawa ma haka. Gasar takobin kokawa ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, ana bin labarinta a rediyo a ɓangarorin biyu, kuma sunan Isaka Isaka na Doso ba baƙo ba ne a Katsina. Ɗan kokawa yana da siffa, da layu da guraye, da makaɗi, da kirari, da abokin karawa na shekara mai zuwa. Abubuwa biyar ɗin da aka lissafa a sama duk suna tare da shi.

8.0 Kammalawa

An nuna cewa sabon jerin jaruman roba yana jan mai saye da siffar da ake ganewa, da gaɓoɓin da ke motsi, da farashin da aljihun yaro zai ɗauka, da giɓin da ke neman cikewa, da labarin da ya riga kayan isowa. Huɗun farko aikin masana'anta ne da 'yan kasuwa, kuma duk mai jari yana iya yin odarsu daga Shantou. Na biyar kuwa ba a sarinsa a kwantena. Aikin marubuta ne da masu zane da masu shirya finafinai da malaman makaranta, kuma sai an yi shi da Hausa.

Saboda haka, duk mai son ya ga Bayajida ko Iliya a tiren ɗan koli ranar salla, ba daga injin narka roba zai fara ba. Zai fara ne daga littafin zane mai araha, da gajeren wasan zane da za a iya turawa a waya, har sunan ya zauna a bakin yara daga Katsina zuwa Maraɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya girma bai taɓa riƙe jarumin da ke jin harshensa ba, da wuya a shawo kansa a aji cewa harshen nan yana da jarumai.